Irin Dokta Mai Tsirowa Ba Ruwan Sama

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba da aka tara gari guda saboda ni ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen ƙauyenmu ba za su bari ba. Har gobe in na sauka daga mota a Maijirgi, kafin in kama hanyar gida sai wani ya ɗaga murya daga rumfar mai shayi ya ce, "Dokta, ya garke?" Ni kuwa ko akuya ban taɓa mallaka ba, kuma ni ba dokta ba ne.

Ga yadda abin ya faro. Bayan na gama jami'a a Yamai, Allah ya ba ni sa'ar bursu, wato tallafin karatu, na tafi wata ƙasar Turai mai sanyi, na yi sitaj, wato koyon aiki, na wata tara a wani ɗakin bincike. Aikin wurin shi ne renon ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ba kowace ƙwaya ba kuma, sai irin waɗanda ke haifar sauran. Akwai na ƙwaƙwalwa, waɗanda daga gare su jijiyoyin kai ke samuwa. Akwai kuma na ciwon daji, waɗanda ake zargin su ne ke sa ciwon ya dawo bayan an yanke shi, kamar yadda ƙuduji ke dawowa gona ko ka tuge shi, don ya riga ya zubar da ƴaƴa a ƙasa.

Shugabar wurin, wata dattijuwa da muke kira Madam, ta yi shekaru ita da mutanenta suna ƙera wani ɗan faifan roba kamar tafin hannu, mai ƙananan gurabe jere kamar na dara. A faifan da aka saba, ƙwayoyin nan shimfiɗewa suke yi kamar tabarma. A nata kuwa sai su dunƙule a kowane gurbi kamar ƙwayar riɗi, kusan yadda suke zama a jikin mai rai. Daga nan sai a riƙa ɗiga magani gurbi-gurbi, a ga wane ne ke kashe na ciwon daji ya bar na ƙwaƙwalwa lafiya. Aiki ne na masu kai, wallahi.

Ni fa? Ni nake ba su abinci. Duk bayan kwana biyu in buɗe wani akwati mai ɗumin jikin mutum, in fito da faya-fayan, in tsotse tsohon ruwa in zuba sabo (wani ruwa ne ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka don ya ishi baƙi), in rubuta kwanan wata a murfi, in mayar. Sauran lokaci wanke-wanke. In an jera ma'aikatan wurin daga sama zuwa ƙasa, ni ne nake tare ƙofa. Ranar da zan taho, Madam ta ba ni faifai uku waɗanda lokacinsu ya wuce don in riƙa tunawa da su, ta kuma ce in tafi da farar rigata ta aiki.

Na dawo gida a mummunar shekara. Daminar da ta wuce ta yi gardama, gero ya ƙone yana da ciki. Rumbuna sun zama ɗakin kwanan ƙadangaru. Samari sun watse ci-rani, mata na fita daji neman anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake ci sai yunwa ta kai maƙura, gidaje da yawa sun daka irin shukarsu sun ci. Ga shi ƴan watanni kafin nan sojoji sun karɓe mulki a Yamai, kowa in zai yi maganar gwamnati sai ya waiwaya tukuna. A cikin wannan hali ne ni, ɗan gidan malam manomi, na riƙa yawo cikin gari da farar riga har gwiwa a tsakiyar bazara, alƙalami uku a aljihu. (Biyu ba sa rubutu.) Gumi na bin bayana kamar an buɗe famfo, amma da na ji yara da manya sun fara ce mini Dokta, sai na ji kamar iskar damina ce ke kaɗa ni.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a fada gindin gawo ana dafa shayi, sai Kawu Sanda ya ce in gaya musu abin da na je na koyo. Kawu Sanda ƙanen innata ne. Yana da amalanke da jakuna biyu, kuma babu kasuwar da ba ya ci, daga Urafane har Kanan-Bakashe. Mutum ne da in magana ta shiga kunnensa da safe, kafin azahar ta yi jikoki.

Na zaro faifai guda daga aljihu, na ɗaga shi sama. Nan na tarar da matsala: ban san yadda zan faɗi abin da Hausa ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na kama kalmar da ta fi kusa da bakina.

"Wannan da kuke gani, iri muke shukawa a ciki."

"Iri?" in ji Kawu. "Ina ƙasar?"

"Ba a sa ƙasa."

"Ruwan sama fa?"

"Ko ɗigo ba ya buƙata. Ɗan ruwa ne na musamman, bai kai cikin cokali ba. Kwana uku ka ga ya fara motsi, kwana bakwai ya ninka kansa ba iyaka. Rani da damina duk ɗaya ne gare shi."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Kawu ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa.

"Ɗana, mi kac ce? Wa ya ƙirƙiro wanga abu?"

Na gyara wuyan riga na ce, "Mu."

Kowace kalma da na faɗa a wurin gaskiya ce, in ban da ta ƙarshen. Na dai bar abu guda ban faɗa ba, wato ko irin mene ne. Na ga yadda idanunsu suka yi, na kuma gane abin da suka ɗauka. Amma tunda aka haife ni dattawan garinmu ba su taɓa yin shiru don ina magana ba, sai na ce a raina bari in ɗan sha daɗin nan, gobe na gyara.

Gobe ta zo Kawu ya riga ya ɗaura jakuna ya nufi kasuwa.

Cikin mako guda labarin ya dawo mini ban gane shi ba. A Urafane an ce geron Dokta kwana bakwai yake nuna. A Kanan-Bakashe an ce cikin ɗaki ake shuka shi, ƙarƙashin gado. Wani da ya zo daga wajen Mayahi ya rantse cewa ya ga wanda ya ga zangarniyar, tsawonta ya kai sandar makiyayi. Mutane suka fara sallama a ƙofar gidanmu, ba su tambayar kome, sai dai su gaishe ni su ce a tuna da su. Malam Buba, Bafulatanin da ke kiwo a gefen garinmu, wanda rabin shanunsa suka mutu a shekarar, ya aiko da ƙwaryar nono. Na shanye.

Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Kai, wai gaskiya ne abin da Sanda ke yawo da shi?"

Na ce, "Inna, abin yana da wuyar bayani."

Ta dube ni irin kallon da take yi mini ina ƙarami in na ce ba ni na taɓa tukunya ba alhali bakina duk miya. Ta ce, "To. Allah ya sawwaƙe wuyar."

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Iya Dije, wata tsohuwa da ke riƙon jikoki huɗu. Ta zo da kaza a hammata, kazarta ta ƙarshe, ta ajiye a gabana ta ce, "Dokta, ko cikin hannu guda ka ɗebar mini in lokaci ya yi." Nan ne ya kamata in buɗe baki. Na buɗe shi kuwa, amma sai bayan an soya kazar. (Kada ka yi mini wannan kallon, mai karatu. Na fi ka sanin abin da na aikata.)

Sau ɗaya na gwada gyarawa. Na ja Kawu gefe na ce, "Kawu, abin nan fa ba irin gona ba ne sosai kamar yadda kuke zato."

Ya kanne ido guda, ya dafa kafaɗata. "Na gane. Nasara sun sa ka rantsuwa. Kada ka damu, ba mai ji daga bakina." Washegari aka ji a kasuwa cewa irin na sirri ne, Turawa na neman Dokta ruwa a jallo.

Ana haka sai mai gari ya aiko a gaya mini cewa ranar Laraba wani kaftin na soja zai zo da motar irin shuka na agaji, kuma labarina ya kai kunnensa tun daga Tasawa, yana son ya gani da idonsa. A lokacin nan, soja ya ce yana son ganinka ba gayyatar suna ba ce. Na yi tunanin sulalewa Maradi, amma Kawu ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu ya ce shi ne mai gadin dukiyar gari, ko bayan gida zan je sai ya tambaye ni ina zuwa.

Laraba da hantsi filin lakwal, wato makarantar boko, ya cika maƙil. Ban taɓa ganin taro irinsa a ƙauyenmu ba, ko ranar idi. Mutane sun zo daga ƙauyuka a kan jakuna da amalanke, kowa da abin zuba iri: buhu, ƙwarya, tsohon gwangwani, wata ma da zanen goyo. Aka fito da teburin mushe, malamin makarantar, aka ajiye a inuwa. Kaftin ɗin gajere ne, mai tabarau, maganarsa a hankali kamar mai lallashin jariri. Ya ce a kawo Dokta. Na fito cikin farar rigata, na ajiye faifan a teburi.

Ya ɗauka, ya ɗaga shi wajen rana, ya juya bayansa ya karanta ƙananan rubutun da ke jiki. Sai ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya da Faransanci, ƙasa-ƙasa, "Vous cultivez quoi là-dedans?" Wato me muke renawa a ciki.

Na ga ƙofa ta buɗe. Na ce bari in nutsar da sojan nan cikin Faransancin da ko mai shi sai ya nemi ƙamus. Na kwararo masa kalmomi masu gaɓa bakwai-bakwai, na haɗa da na Latin, ban ja numfashi ba sai da na ga duhu-duhu. Yana ta gyaɗa kai. Da na gama sai ya gyara mini kalma biyu da na faɗa ba daidai ba, ya kuma tambaye ni ko kwana nawa muke canza musu ruwa.

Likita ne. Duk sojojin ƙasar nan, masu bindiga da masu tuƙa tanka da masu busa ƙaho, sai aka turo mini likita, wanda ya zo duba yaran da yunwa ta taɓa.

Ya miƙe ya ce da Hausa, da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Jama'a, ɗanku ya yi mini bayani mai kyau ƙwarai. Yanzu zai maimaita muku da harshen da ya sha a nono. Bismilla, Dokta."

Na dubi taron. Na hango Inna can baya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na fara kame-kame, ina cewa ilimi kogi ne, bincike sai da haƙuri. Iya Dije, wadda ke zaune a gaba da ƙwaryarta a cinya, ta katse ni.

"Ɗana, bar dogon zance, rana na yi. Gero ne ko wake?"

"Ba gero ba ne, Iya."

"Dawa ce?"

"A'a. Wani... wani na daji ne."

"To mi a ciki? Bana har anza mun ci. In na daji ne ma kawo, mu jiƙa shi ya bar ɗaci."

Kaftin ya ce, "Cika maganar, Dokta. Wane daji?"

Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Ciwon daji."

"Ba su ji ba."

"Ciwon daji! Ƙwayoyin ciwon daji muke renawa a ciki. Da na ƙwaƙwalwa."

Wani dattijo ya ce, "Ƙwaƙwalwar wa?"

"Ta ɓera."

Wata mata ta saki salati. Wadda ke kusa da teburi ta janye ɗanta daga wajen faifan kamar zai yi tsalle ya kama shi. Wani daga baya ya ce, "La ilaha illallahu! Mu muna nan muna neman abin da za mu kai baki, shi ya ƙetare teku ya koyo noman cuta!"

Na yi ta ƙoƙarin bayyana cewa don a samo magani ake yi, sai ka rena maƙiyi kafin ka san lagonsa. Kaftin ya taimake ni a nan, ya ce wannan gaskiya ne, aiki ne mai daraja, kuma wanda ya ƙera faifan nan ya cancanci a tashi tsaye a gaishe shi. Har na fara jin numfashina na dawowa. Sai ya juyo.

"An ce mini kai ka ƙirƙiro shi. Wane ɓangare ne naka?"

"Mon kapiten, aiki ne na haɗin gwiwa."

"Na sani. Kai me kake yi in ka shiga da safe?"

"Ina ba su abinci."

"Sai me?"

"In share musu wuri. In mayar da su inda suke kwana."

Malam Buba, wanda ke tsaye a gefe ya rataya hannuwa a sandarsa, ya ce da iyakar gaskiyarsa, "Af! Ashe ɗan'uwana ne. Kiwo yake yi." Ya matso kaɗan. "Dokta, to ya garken? Ka baro su lafiya?"

Wallahi da na yi shiru da ya fi. Amma idon kaftin na kaina, kuma na riga na gaji da ɓoye-ɓoye. Na ce akwai wani karo da na yi atishawa faifai na buɗe, funfuna ta shiga, aikin wata biyu ya lalace, Madam ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.

Malam Buba ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Ni ma bana na yi hasara."

Nan filin ya fashe. Mutanen da suka yi watanni ba su yi dariya ba suka riƙa faɗuwa a kan buhunansu. Sojojin da ke gadin mota suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Har mai gari ya cusa bakin rawani a baki. Ni kuwa ina tsaye cikin farar riga, ina roƙon ƙasa ta tsage, amma ƙasar ta bushe da yawa, ko ita ba ta da wannan ƙarfin.

Dariyar ta yanke ne lokacin da mai gari ya raɗa wa kaftin wata magana, na ga fuskarsa ta canza. Ashe gidaje da dama ba su rubuta sunansu a takardar irin agaji ba. Sun ce me za su yi da geron da sai ya jira ruwa, ga na Dokta na zuwa. Da motar nan ta juya ba su samu ba, da ruwan farko ya sauka ba su da abin da za su jefa a rami. Kaftin ya cire tabarau ya dube ni, wannan karon ba wasa a idonsa. Ya ce da ni a hankali, "Ka ga abin da ya kusa faruwa?" Na ce na gani. Wannan ta fi dariyar zafi nesa ba kusa ba.

Ya sa aka sake buɗe takarda aka rubuta kowa. Sannan ya yanke mini hukunci: ni zan auna irin da hannuna, tiya-tiya, har a gama, kuma ba zan cire rigar ba. Kwana biyu na yi a bayan motar nan ina awo. Kafin azahar ta farko rigar ta koma kalar ƙasa. Duk wanda ya zo sai ya yi mini ta'aziyyar garke kafin ya buɗe buhu. Da layi ya zo kan Iya Dije, ta miƙo ƙwarya ta ce, "Cika ta da kyau, ɗana, ka yi mata tozo. Kazar nan mai ƙwai ce." Na yi mata tozo har yana zuba. Sojan da ke lura da awon ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai neman hadari.

Kawu Sanda kuwa ko a jikinsa. Da na yi masa ƙorafi sai ya ce, "Ni mi na ƙara? Ka ce ba ƙasa, na ce ba ƙasa. Ka ce ba ruwa, na ce ba ruwa. Zangarniya kaɗai na sa mishi, don ban taɓa ganin iri marar zangarniya ba."

Da yammacin rana ta biyu, ina kakkaɓe buhunan da suka rage, wani magidanci da ban sani ba ya tsaya har kowa ya watse. Ya matso ya gaishe ni, ya yi ta murza hularsa a hannu. Sannan ya ce matarsa na da wani ƙullutu a ƙirji, wata biyar ke nan, yana girma. Ya ji na ce ana neman maganin ciwon nan a inda na je. Ko an samu? Ko na taho da shi?

Na ji tsohuwar ɗabi'ata ta taso, bakina har ya fara shirya wata doguwar magana mai daɗin ji. Na haɗiye ta. Na ce masa, "Ban taho da kome ba, Baba. Ni ba likita ba ne, ban ma san ko ciwon ne ko ba shi ba ne. Amma ga likita can bai tafi ba." Na kama hannunsa na kai shi wurin kaftin, wanda ya saurare shi, ya rubuta masa takardar zuwa babban asibiti a Maradi, ya ce kada su kwana biyu ba su tafi ba. Daga baya na ji an yi mata aiki ta dawo gida. A duk wata tara na karatu da wata guda na fankama, wannan tafiya ta taku ashirin ita ce abin kirki na farko da na yi wa wani.

Yanzu ina koyar da kimiyyar halitta a wani kolej, kuma ɗalibaina sun san ni da yawan cewa "ban sani ba, bari in duba." Suna zaton tawali'u ne. Ba su san horo ba ne. Abin da na koya shi ne, in ka ga ana yabonka da abin da ba ka yi ba, ka gyara zancen tun yana bakin mutum guda, ko da shayin zai huce. In ka bari ya kwana, gyaransa sai an tara gari, kuma ba kai za ka zaɓi wanda zai yi maka tambayoyin ba.